Idan magani ya fi ƙarfin talaka

Ɗan uwa mai karatu, ko ka san abin da ke sa sabon magani tsada?

Idan kamfani ya ƙago magani, hukuma tana ba shi takardar mallaka. Har shekara 20, ba mai yin irinsa sai da yardarsa. Ya kashe kuɗi wajen bincike, yana son ya maida su. Tunda shi kaɗai ke da kayan, shi ke yanka farashi.

To, in ciwo ya game ƙasa, talaka kuma ba shi da halin saye fa?

Dubi abin da ya faru da cutar sida. A shekarar 2000, maganin mutum ɗaya na shekara guda ya haura dalar Amurka 10.000. A 2001, wani kamfanin Indiya mai suna Cipla ya ce zai sayar da irinsa dala 350. Amma ƙasar da ke da takardar mallaka a kan maganin ba ta da damar sayen mai arha kai tsaye.

Akwai mafita, ana ce da ita izinin dole. Gwamnati tana ba wani kamfani izinin yin maganin, ko shigo da shi, ko mai shi bai yarda ba. Wannan ba ƙwace ba ne, don ana biyan mai shi wani kaso. A watan Nuwamba na 2001, ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya sun taru a Doha, babban birnin Katar. Sun tabbatar kowace ƙasa tana da wannan dama don kare lafiyar jama'arta.

Ƙasar Barazil ta yi aiki da ita a 2007. Gwamnatinta tana raba maganin sida kyauta, kuɗin kuwa ya yi mata nauyi. Ta nemi ragi wurin kamfanin Merck a kan maganin efavirenz, ba su daidaita ba. Sai shugaba Lula ya sa hannu a kan izinin dole. Aka sayo maganin daga Indiya da arha, daga baya Barazil ta riƙa yin nata.

Irin wannan magani shi ake kira jenerik. Sunansa da kwalinsa daban, amma in hukuma ta tantance shi, aikinsa ɗaya da na asali. Saboda haka in an ba ka jenerik a likita, kar ka raina shi don arharsa. Ka sha yadda aka gaya maka.