Tankin Rara a Motar Hot Rod: Dalilinsa da Yadda Ake Ɗora Shi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya cikin tsohuwar mota da bazara ya san abin da kan faru idan an tsaya shan iska. Direba na kashe inji, sai a ji ƙugi daga gaban mota, jim kaɗan a ga ruwa mai tururi yana tsiyaya ƙasa. Yaron mota ya ɗauko jarka ya ƙara ruwa, a zango na gaba kuma a sake. Makasudin wannan takarda shi ne a bayyana dalilin wannan zubar ruwa, da kuma wani ɗan tanki da ake ɗorawa kusa da lagireto domin magance ta. A nan za mu kira shi tankin rara, tun da yake rarar ruwan da lagireto ya kasa riƙewa ita yake karɓa. Za mu ɗauki misalinmu daga motar da Amurkawa ke kira hot rod, domin a jikinta ne matsalar ta fi fitowa fili.

2.0 Mece ce Hot Rod?

Hot rod tsohuwar mota ce wadda aka rage wa nauyi, aka ƙara wa injinta ƙarfi ko aka dasa mata wani wanda ya fi nata girma, domin gudu da ƙawa. Al'adar ta tsiro ne a kudancin jihar Kalifoniya cikin shekarun 1930, inda samari kan sayi tsofaffin motocin Ford da araha, su kwaskware su, su tafi tsere a busassun tafkunan hamadar Mohabi. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa SCTA domin tsara wannan tsere. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya bunƙasa: mujallar Hot Rod ta fara fitowa a 1948, aka soma taron gwajin gudu na shekara-shekara a filin gishiri na Bonabil da ke jihar Yuta a 1949, sa'an nan Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 domin a raba samari da tsere a kan titunan gari.

Motar da ta fi kowace suna a wajensu ita ce Ford ƙirar 1932, wadda ta zo da inji mai silinda takwas. Wannan inji ya shahara da saurin zafi, saboda hanyoyin hayaƙinsa suna ratsawa ta cikin gangar jikinsa, kusa da hanyoyin ruwa, kafin su fita. Daga 1955 kuma, da kamfanin Chevrolet ya fito da nasa ƙaramin inji mai silinda takwas, sai ya zama shi aka fi dasawa. To, a nan gizo ke saƙa. Ga babban inji mai yawan zafi, ga ƙaramar fuskar mota wadda aka ƙera domin inji mai doki 65, wani lokaci ma an datse tsawon lagireton domin motar ta yi ƙasa-ƙasa. Motocin wancan zamani kuwa ba su zo da tankin rara ba. Sai wajen farkon shekarun 1970 ne ya zama ruwan dare a sababbin motoci. Saboda haka mai hot rod shi ke ɗora wa kansa.

3.0 Abin da ke Sa Ruwa ya Fita

Dalili na farko shi ne ruwa kan kumbura idan ya ji wuta. Daga digiri 20 zuwa digiri 100 a ma'aunin santigiret, yakan ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 100. Idan inji da lagireto suna cin lita 15, ke nan za a sami rarar fiye da rabin lita wadda tilas ta nemi wurin zama. A Amurka kuma, saboda sanyin hunturu, akan gauraya ruwan rabi da rabi da wani sinadari mai suna etilin gilaikol, wanda ke hana shi daskarewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Wannan gauraye ya ɗan fi zallan ruwa kumbura.

Na biyu shi ne aikin murfin lagireto, wanda mutane da yawa suka ɗauka marufi ne kawai kamar na tukunya. A gaskiya bawul biyu ne a cikinsa. Babban yana da sifirin da ke danne ruwan har matsin ya kai adadin da aka rubuta a kan murfin. Ana auna wannan matsi da irin ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya, watau laba a kan kowane inci murabba'i. Murfi mai lamba 15, wanda ya yi kusan rabin iskar tayar ƙaramar mota, yakan ɗaga matakin tafasar zallan ruwa daga digiri 100 zuwa kimanin 121. In matsin ya wuce haka, sai sifirin ya saki, ruwa ya bi ta wani ɗan bututu da ke wuyan lagireto ya fita. Ƙaramin bawul ɗin kuwa aikinsa na lokacin hucewa ne. Idan ruwa ya yi sanyi ya koma girmansa na farko, sai a sami gurbi a ciki, wannan bawul ya buɗe, lagireto ya zuƙo abin da ya samu a bakin bututun.

Na uku, zafin inji kan ƙaru na 'yan mintoci bayan an kashe shi. Famfon ruwa da fanka sun tsaya, amma ƙarfe yana nan da zafinsa, sai ruwan da ke kwance kusa da silinda ya sha zafin duka. Shi ya sa mota kan yi amai a wurin ajiya alhali a kan hanya ba ta nuna kome ba.

4.0 Illar Rashin Tanki

Mai karatu ya lura da abin da aka faɗa game da ƙaramin bawul. Idan babu tanki, abin da lagireto ke samu a bakin bututu iska ce. Watau kowace tafiya ruwa ya fita, iska ta maye gurbinsa. Magabata sun san haka, shi ya sa sukan bar sarari kamar inci ɗaya a saman lagireto, kuma mota ta yi ta aiki a haka. Amma iska a cikin hanyar ruwa ba baƙuwar alheri ba ce. Tana hanzarta tsatsa, tsatsa kuwa ita ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Tana iya maƙalewa a kan silinda, wurin ya yi zafi fiye da kima ba tare da allurar ma'auni ta nuna ba, har gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ruwan da ya zuba ƙasa ma yana da tasa illar. Etilin gilaikol yana da zaƙi-zaƙi, ga shi dafi ne mai lalata ƙoda, kaɗan daga cikinsa kan kashe kare ko kyanwa, yana kuma da hatsari ga yara. Har wa yau yana da santsi. A filin tsere, 'yar tsiyaya gaban tayoyin baya ta isa ta juyar da mota tana tsakar gudu. Don haka ne dokokin NHRA suka wajabta wa motar tsere ta ɗauki mazubin tara rarar ruwa wanda ke cin akalla fayin ɗaya, watau kusan rabin lita.

5.0 Ire-iren Tankin

Ana iya kasa su gida uku. Na farko gwangwanin tara ne kawai: ruwa ya shiga ta sama ya zauna, sai mai mota ya juye shi. Ya cika sharaɗin filin tsere, amma bai hana iska shiga ba. Na biyu shi ne tanki mai mayarwa, wanda bakin tiyonsa ke nutse cikin ruwa kullum. Da zafi ruwa ya shigo, da sanyi lagireto ya zuƙe abinsa. Na uku tanki ne mai matsi, wanda murfin mai sifirin ke kansa. Akan bukace shi idan wuyan lagireto ya yi ƙasa da saman inji, kamar yadda kan faru a motar da aka datse, domin dole murfi ya kasance a wuri mafi tsawo inda iska ke taruwa. Bayanin da ke biye ya shafi kashi na biyu ne, domin shi ya fi dacewa da yawancin motocin da ake hawa a titi.

6.0 Yadda Ake Ɗora Shi

Abu na farko shi ne girma. A san yawan ruwan da motar ke ci, a fitar da kashi 5 cikin 100 nasa, sa'an nan a ƙara ruwan da zai zauna a gindin tankin da sararin da za a bari a sama. Mota mai cin lita 15 tana son tanki mai cin lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Masu hot rod suna sha'awar siririn tankin ƙarfe mai ƙyalli, amma mai faɗin inci 2 da tsawon inci 13 bai kai lita 0.7 ba, saboda haka yakan cika ya zubar a babban inji.

Na biyu, wurin zama. A tsayar da shi a miƙe kusa da wuyan lagireto, nesa da bututun hayaƙi da fanka da fambel. A ɗaure shi da noti a kan ƙarfe mai ƙwari, domin girgizar inji kan karya mariƙi maras kauri. Kada a kuskura a huda jikin lagireto wajen neman wurin ɗauri.

Na uku, tiyo. A nemi na roba mai jure zafi wanda ya yi daidai da ɗan bututun wuyan lagireto, a taƙaita shi, kada ya lanƙwashe, a kuma matse bakinsa biyu da kilif. Ƙaramar kafa a nan ba za ta zubar da ruwa a gani ba, amma ta nan lagireto zai zuƙi iska ya bar ruwan a tanki. Sirirran tankunan nan sau da yawa suna da baki biyu a gindi. Ɗaya gajere ne, shi ake haɗawa da lagireto. Ɗayan yana da dogon bututu a ciki wanda ya kai kusa da sama, shi ne mashaƙar iska da mafitar ruwa in tanki ya cika, sai a sa masa tiyo a saukar da shi ƙasa nesa da taya. Juya waɗannan baki biyu kuskure ne da ake yawan yi, kuma yakan sa ruwan ya zube ƙasa maimakon ya koma lagireto.

Na huɗu, murfi. Tilas ya zama mai roba biyu, ɗaya a ƙasa inda sifirin ke dannawa, ɗaya a sama a leɓen wuya. Tsohon murfi wanda ba shi da ta saman yakan bar iska ta shiga ta gefe. A kuma dubi lambarsa. Tsohon lagireton tagulla mai faffaɗan kai ba ya jure matsin 15, yana iya kumbura ko darma ta saki, don haka akan tsaya a kan 4 zuwa 7. Zurfin wuya ma ya bambanta, murfin da bai kai gindin wuyan ba kuwa ba zai riƙe matsi ba.

Na biyar, cikawa da gwaji. Inji yana sanyi, a cika lagireto har wuya, a zuba irin wannan ruwan a tanki zuwa kashi ɗaya cikin uku, a yi alama. A tayar da mota ta yi zafi sosai, a duba, sa'an nan a bar ta ta kwana. Idan aikin ya yi kyau, ruwa zai hau da zafi, ya dawo kan alama da safe. A kwana biyun farko yana iya yin ƙasa kaɗan saboda ragowar iska tana fita, sai a ƙara.

7.0 Abin da Tankin ke Faɗa

Wanda ya saba duba tankinsa yakan gane ciwon mota tun bai yi nisa ba. Idan ruwa ya hau bai sauko ba, akwai kafa a tiyo ko murfi ya gaji. Idan babban tiyon sama ya motse bayan inji ya huce, ƙaramin bawul ya maƙale ko ɗan tiyon ya toshe. Idan kumfa na tasowa ba fasawa inji na aiki, a zargi gasket, domin hayaƙi ne ke kutsawa cikin ruwa. Ko wane hali ake ciki, kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan da matsi ya hana tafasa, da an saki matsin sai ya tafasa nan take, ya yi tsalle ya ƙona fuska da hannu.

8.0 Kammalawa

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan dabara. Tankin rara ba ya rage zafin inji ko da digiri ɗaya. Motar da lagiretonta ya toshe, ko fankarta ta yi ƙanƙanta, ko famfonta ya mutu, za ta tafasa ko da an ɗora mata tanki goma. Aikinsa shi ne ya bar lagireto a cike, ya hana iska shiga, ya kuma hana dafi zuba ƙasa. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce ko a hamadar Mohabi ko a hanyar Sakkwato cikin Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Direban da ya ɗaure gorar roba a bakin bututun tsohuwar motarsa ya kama hanya, saura ya nutsa tiyon har gindin gorar, ya bar mata mashaƙa, ya kuma nemi murfi mai roba biyu.