FARFAƊIYA: IDAN LIKITA YA HAƊA MAGANI BIYU, GA ABIN DA ZA KA GANI A GIDA



Ɗan uwa maigida, 'yar uwa uwargida, yau maganarmu ta shafi gidan da ake da mai farfaɗiya. A ce yaronka ya shekara yana shan ƙwaya ɗaya amma faɗuwar ba ta tsaya ba, sai likita ya ƙara masa ta biyu. Faɗuwa ta ragu, alhamdu lillahi. Sai dai kuma yaron da ka sani da kuzari ya koma gyangyaɗi a aji, yana tangaɗi in ya miƙe, abu kaɗan ya fusata. A nan ne masu ba da shawara ke shigowa: "Ai maganin nan ne ke kashe shi, ku jefar." Kafin ka ɗauki wannan shawarar, karanta wannan saƙo har ƙarshe.

*Me ya sa ake haɗa biyu?*

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya zama ba faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Likita kan fara da magani ɗaya. In an kai shi iya adadin da jiki zai ɗauka amma ciwon na dawowa, sai a canza ko a ƙara wani. Ƙarin magani ba ya nufin an fid da rai. Wani lokacin ma haɗin na ɗan lokaci ne, ana ɗaga sabon ana sauke tsohon a hankali.

Waɗanda aka fi gani a hannun mutanenmu su ne fenobabiton, Tegretol, Epilim, Epanutin, Keppra da Lamictal. Kamfanoni da yawa na yin irinsu da wasu sunaye, don haka ka tambayi mai ba da magani a asibiti ya gaya maka wanne ne naka a cikinsu.

*Abin da ke faruwa a cikin jiki*

Yawancin waɗannan magunguna hanta ce ke sarrafa su. Wasu, kamar Tegretol da Epanutin da fenobabiton, suna sa hanta ta yi saurin aiki, sai ta ƙone abokin haɗinsu da wuri, ƙarfinsa ya ragu a jini. Epilim kuwa akasin haka yake yi, yana hana wasu fita sai su taru. In aka haɗa shi da fenobabiton, barci kan yi nauyi sosai. In aka haɗa shi da Lamictal, Lamictal ɗin kan daɗe a jiki kusan ninki biyu, shi ya sa likita ke farawa da ɗan kaɗan yana ƙarawa sannu a hankali. Kada ka ga ƙanƙantar adadin ka ce likita na wasa, ka ƙara da kanka. Tegretol da Lamictal kuma in sun haɗu an san su da jiri da gani bibbiyu.

Ka ga ke nan sau da yawa matsalar ta adadi ce ko ta lokacin sha, kuma ana iya gyara ta ba tare da an bar magani ba.

*Waɗanda ake iya zama da su kafin ranar asibiti*

Barci da kasala, jiri, tashin zuciya, mantuwa da nauyin kai. Da yawa daga cikinsu sukan lafa bayan wasu makonni idan jiki ya saba. Akwai kuma waɗanda kowane magani ya keɓanta da su. Epilim na iya kawo ƙiba, rawar hannu da zubewar gashi. Epanutin na kumbura dasashi, don haka a dage da asuwaki da buroshi. Keppra na sa wasu saurin fushi da ƙunci.

Wannan na ƙarshen yana haddasa rigima a gida. Matar da ka sani da haƙuri ta koma faɗa, ko yaro ya fara mayar da magana, sai a ce rashin tarbiyya ne ko shafar aljanu. Kafin ka ɗaga hannu ko ka yi furucin da za ka yi da-na-sani, ka tuna yaushe aka ƙara maganin. In halin ya canza ne bayan ƙarin, likita ne zai gyara.

Ga abubuwan da ke rage wahala:

1. A sha a lokaci ɗaya kullum. Ɗaura shi da sallah ya fi sauƙin tunawa, misali bayan Asuba da bayan Magariba, ko ka sa ƙararrawa a waya.
2. In yana tayar da zuciya, a sha bayan an ci abinci.
3. In barcin rana ya yi yawa, ka tambayi likita ko za a mayar da kaso mafi yawa zuwa dare. Shi zai raba, ba kai ba.
4. A miƙe a hankali daga kwance. Mai jiri kada ya ja ruwa a rijiya, kada ya hau babur ko tsani, kada a bar shi shi kaɗai gaban murhu ko a rafi.
5. A samu isasshen barci, domin rashinsa na tayar da ciwon.

*Waɗanda ba a kwana da su*

Ka garzaya asibiti a ranar idan ka ga:

- Ƙuraje a jiki, musamman da zazzaɓi, ko gyambo a baki, ko jan ido, ko fata na saɓulewa. An fi ganin wannan a watanni biyu zuwa uku na farko da Lamictal, Tegretol, Epanutin ko fenobabiton. Kada a ce ƙyanda ce a shafa wani abu a zauna.
- Ido ya yi rawaya, ko amai ba tsayawa da ciwon ciki mai tsanani, musamman ga mai shan Epilim.
- Barcin da ake tashin mutum da ƙyar, ko ruɗewa.
- Jini daga dasashi ko hanci ba dalili.
- Maganar gajiya da rayuwa ko son kashe kai.
- Faɗuwar da ta wuce minti 5, ko wadda ke maimaituwa mutum bai farfaɗo ba.

*Babban haɗarin: yanke magani lokaci guda*

Ƙwaƙwalwar da ta saba da magani, in aka janye shi kwatsam, tana iya shiga jijjigar da ba ta tsayawa, kuma wannan na kisa. Fenobabiton ya fi kowanne wannan hali. Ko kuɗi ne suka yi ƙaranci, kada ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya da kanka. Ka gaya wa likita gaskiyar aljihunka, zai duba abin da za ka iya ɗorewa a kai. Ka kuma sayi na gaba tun da sauran na mako guda.

*Hattara da magani na uku*

Mai shan biyu, duk abin da ya ƙara sha ya shiga lissafi. Tegretol da Epanutin na rage ƙarfin maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kamar eritiromaisin na sa Tegretol ya taru a jini har jiri ya tsananta. Tiramol kuwa shi kansa yana tayar da farfaɗiya, a nisance shi. Duk inda za a rubuta maka magani, ko a kemis ne, ka nuna kwalayen naka. Haka jiƙe-jiƙe da garin magani, ka faɗa wa likita abin da ake sha, tunda hanta ɗaya ce ke ɗaukar duka.

*Ga mata*

'Yar uwa, wannan naki ne. Epilim na da haɗari ga ɗan tayi: cikin jarirai 10 da aka yi cikinsu uwa na shansa, kusan 1 kan zo da nakasa, wasu kuma su samu jinkirin magana da fahimta. Ki yi magana da likita tun kafin ɗaukar ciki, iyaye kuma su tayar da zancen tun ana shirin aurar da yarinya. In kuwa cikin ya riga ya shiga, kada ki daina sha, ki je asibiti da gaggawa, domin faɗuwa ma haɗari ce gare ki da abin da ke cikinki. Sannan Tegretol, Epanutin da fenobabiton na raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, ki sanar da ma'aikaciyar jinya abin da kike sha.

*Azumi da ruƙiya*

Ka ga likita tun a Sha'aban. Wasu ana iya mayar musu da sha zuwa sahur da buɗa baki, wasu kuma azumin zai cutar da su, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Raya dare ma a yi shi gwargwado, a rama barci da rana. Addu'a da ruƙiya ba sa karo da ƙwayar asibiti, a haɗa su. Amma duk wanda ya gindaya maka sharaɗin sai ka ajiye magani kafin ya yi maka karatu, kada ka yarda. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah (SAW), aka yi mata bushara da Aljanna a kan haƙurinta. Mai wannan lalura abin girmamawa ne a cikin gida, kuma ba a ɗaukar ta ta yawu ko cin abinci tare.

*Abin da za ka fara yau*

Sayi ɗan littafin rubutu. Kullum a rubuta lokacin da aka sha magani, abin da aka ji da ƙarfe nawa aka ji shi, da ranar da aka faɗi. "Yana jiri kamar awa biyu bayan ƙwayar safe" ta fi wa likita amfani a kan "maganin bai karɓe shi ba". Da wannan littafin zai san wanne zai rage, wanne zai matsar, ko zai tura ku gwajin jini. Ka tafi da shi da kwalayen maganin duk ranar asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri. Ka tura wa gidan da ka san suna da wannan lalura.