Hikayoyin Ban Tsoro a Littafi da Majigi

Duk wanda ya yi nazarin hikayoyin ban tsoro, waɗanda mawallafa ke tsarawa da gangan domin gaban mai karatu ya faɗi, tsigar jikinsa ta tashi, zai tarar cewa dodon kowane zamani, komai munin siffarsa, daga fargabar mutanen wannan zamanin aka ƙera shi.

Masana suna danganta mafarin wannan fanni a adabin Turawa ga Horace Walpole na Ingila, wanda ya wallafa The Castle of Otranto a 1764. Amma wadda ta ba shi zurfi ita ce Mary Shelley, domin a 1818, sa'ad da ilimin lantarki da fiɗar gawa suke ruɗa zukata, ta fito da Frankenstein, ƙissar ɗalibin da ya harhaɗa gaɓoɓin matattu har suka motsa, sa'an nan ya guje wa abin da hannunsa ya aikata, shi kuwa abin ya bi masoyansa ɗaya bayan ɗaya ya hallaka. Ibrar da ke ciki ita ce, ilimin da ya ƙetare haddi musiba ne ga ma'abocinsa. A 1897 Bram Stoker ya kawo Dracula, baƙon da ya shigo Landan yana shan jinin jama'a.

Da majigi ya bayyana, sai al'amarin ya ƙara fitowa fili. Jamusawa sun yi Nosferatu a 1922, mashayin jini mai tafe da ɓeraye da annoba, alhali ba a daɗe da fita daga annobar murar 1918 ba. Japanawa sun fito da Godzilla a 1954, shekara tara bayan bam ɗin Hiroshima. A 1960 Alfred Hitchcock, cikin Psycho, ya mai da dodon mutum, mai masauki mai ladabi. Nan Nijeriya ma, Living in Bondage na 1992, labarin wanda ya ba da matarsa don asirin kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat, ya fito ne cikin shekarun tsananin talauci.

Baligi mai hankali yana iya samun fa'ida a nan, amma yaro bai iya rarrabe ƙage da haƙiƙa ba. Wajibi ne iyaye su san abin da 'ya'yansu ke kallo da dare.