Yadda muke kwantar da tagwayen jirgi kafin sanyin Faransa

A makon da na fara aiki a wani filin ajiye jiragen ruwa a La Rochelle, yammacin Faransa, maigidan ya ce mini, "Gobe za mu fara hivernage." Na daga kai na dubi sama. A Faransancin da na taso da shi, wannan kalma damina take nufi. Ashe a nan ma'anarta shirya jirgi ya kwanta tun daga Nuwamba har sanyi ya wuce.

La Rochelle garin jirage ne. Tashar Les Minimes kaɗai tana ɗaukar fiye da 4,000. Wanda aka damƙa mini shi ake kira katamaran: kamar kwale-kwale biyu ne aka jera, aka haɗe su da ɗaki a tsakiya, iska ke tura shi ta manyan filafilai. Mai tsawon mita 12 faɗinsa ya kusa mita 7, don haka sai injin ɗaga jirgi mai faɗi ke iya fito da shi tudu.

Da ya fito, kafin ya bushe, sai mu wanke ƙasansa da ruwa mai ƙarfi, a kankare gansakuka da ƙananan ƙwaruruwan teku da suka maƙale. In suka bushe, wallahi sai ka yi gumi. Daga nan a ɗora shi kan katakai daidai wuraren da jikinsa ya fi ƙwari, a ɗaure shi da ƙasa. Mutanen garin ba su manta da guguwar Xynthia ta Fabrairun 2010 ba, wadda ta yi wa tashar ɓarna, ga shi katamaran iska na shiga ƙarƙashinsa.

Sai filafilai. A sauke su, a ɗauraye gishiri da ruwan daɗi, a shanya su bushe ƙarau kafin a naɗe, in ba haka ba fumfuna ta cinye su. Injuna biyu ne, kowane ɓangare da nasa. A canja baƙin mai tun yanzu, domin tsohon mai yana cin ƙarfe in ya daɗe a kwance. A cika tankin gazuwal don kada raɓa ta taru a ciki. A zagaya da ruwan daɗi ta hanyar da ruwan teku ke bi yana sanyaya inji, sannan a bi shi da maganin hana daskarewa. Batura a cika su da caji. Katifu a jingine su, ƙofofin kabad a bar su buɗe, iska ta riƙa ratsawa.

To, ga inda na yi tuntuɓe. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma babu bututun da zai hana shi. Don haka dole a tsiyaye tanki, tukunyar dumama ruwa, makewayi da kowane famfo. Na yi wa ɓangaren dama tsaf. Magariba ta kawo jiki, hannuwana sun ƙage, na ce na hagu sai gobe. Gobe aka ba ni wani jirgin.

A watan Afrilu mai jirgin ya zo da iyalinsa. Ana kunna famfo sai ruwa ya fara tsartuwa a ƙarƙashin gado. Ƙanƙarar 'yan kwanaki ta fasa famfon da bututu biyu. Kwangilata ta wata shida saura mako uku ta ƙare, kuma da ita nake biyan kuɗin makarantar ƙannena a gida. Na so in ce famfon ne ya tsufa. Amma na ce, "Maigida, ni ne. Ban gama hagu ba."

Ya yi shiru, ya miƙo mini sifana. Kwana biyu na yi a durƙushe ina gyara, ya kuma sabunta mini kwangilar.

Tun daga ranar, takarda biyu nake rubutawa wa kowane katamaran, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Ba na barin fili sai na soke layin ƙarshe a kowacce, ko da fitilar waya zan ƙarasa.