Gida a Kan Ruwa

Mu mutanen cikin Birnin Kano ba mu san wani ruwa ba sai na kududdufi da na rijiya da na famfo. In ka tare yaro a Ƙofar Na'isa ka ce masa akwai mutanen da ke kwana su tashi, su dafa su ci a cikin jirgin ruwa wata da watanni, sai ya zaci tatsuniya kake yi masa. Alhali kuwa ba sai an ƙetare teku za a ga haka ba. A nan ƙasarmu, a Kogin Kwara, an daɗe ana yi.

Waɗanda suka shahara da wannan zama su ne Sarkawa, masuntan ƙasar Kabi da Yawuri, da kuma wani reshe na Nufawa da ake kira Kede. Babban garin Kede shi ne Muregi, inda Kogin Kaduna ya faɗa cikin Kwara, sarkinsu kuma Kuta ake ce masa. Su ne fataken kogi a da. Sukan gangara da shinkafa da busasshen kifi zuwa Lakwaja da Anaca, su komo da manja da gishiri da goro.

Babban kwale-kwale irin na fatauci daga gungumen itace ɗaya ake sassaƙa shi, ko kuwa a harhaɗa katako. A tsakiya sai a tanƙwara itatuwa a lulluɓe da tabarmi, ya zama rumfa. Nan ne ɗaki, nan ne rumbu. A gefe guda a zuba ƙasa a kafa murhu a kai, don kada wuta ta ci jirgin. Gangara ba wuya, ruwa ne ke aiki, matuƙi yana gyara hanya da filafili. Hawa shi ne jan aiki, sai an bi gefen gaɓa ana tokara gwangwala a ƙasa ana turawa, tun safe har la'asar. Magariba na yi a nemi tudun rairayi a ɗaure jirgi, a yi salla, a kwana, ana sauraron dorina. Kowane matuƙi kuma ya san kogin nan sau biyu yake cika a wajen Yawuri: da damina, sa'an nan kuma da hunturu, lokacin da ruwan saman da aka yi a duwatsun Gini yake isowa bayan ya ɓata watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali.

Kada mai karatu ya ce ina ruwan Kano da wannan. Ƙarafan hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911 ta kogi aka hau da su zuwa Baro, daga can aka fara shimfiɗowa. Da aka haɗa hanyar da ta Ikko sai Baro ta koma baya, daga bisani motoci suka ƙwace abin da ya saura. Watau kogi da kansa ya ɗauko abin da ya kashe masa kasuwa.

Abin mamaki, haka ɗin nan ya faru a Ingila, sai dai ƙarshen labarin ya bambanta. Su can ba su tsaya ga kogunan da Allah ya ba su ba, haƙa wasu suka yi da hannu. Wanda ya buɗe musu ido shi ne na Bridgewater, da aka buɗe a 1761 don kai kwal birnin Mancesta. Ƙasar tasu kuwa tudu da gangare ce, ruwa kuma ba ya hawa tudu. To, sai suka yi wata dabara. Akan gina wani dogon ɗaki marar rufi a kan hanyar ruwan, da ƙofa a gaba da ƙofa a baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe wata 'yar taga a ta gaba. Ruwan sama ya kwararo ciki, jirgi ya yi ta tashi kamar ƙoƙo a randa har ya daidaita da ruwan da ke gaba, sa'an nan a tura ƙofa ya wuce. In gangarowa ne sai a zubar da ruwan. A wani wuri da ake kira Tardebigge akwai irin waɗannan ɗakuna 30 a jere cikin tafiyar da ba ta kai mil uku ba.

Don tsimin ruwa da kuɗi sai aka yi yawancin ɗakunan da faɗin ƙafa 7 kawai, tsawo kuwa ƙafa 70 da 'yan kai. Dole jirgi ya bi wannan awo, shi ya sa suke kiransa siririn jirgi. Faɗinsa bai fi na wani lungun unguwarmu ba, irin wanda in jaki da mangala ya shigo sai ka manne da bango. Doki ɗaya ne ke tafiya a gaɓa yana jansa da igiya, da kaya wajen ton 25 a ciki. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya kuɗin dako, sai matuƙa suka kasa biyan hayar gida, suka kwashe mata da 'ya'ya zuwa wani ɗan ɗaki a bayan jirgin wanda bai kai shagon tela ba. Ba zaman daɗi ba ne. Yara ba makaranta, har sai da majalisarsu ta yi doka a kan jiragen a 1877. Sana'ar ta yi ta ja da baya, sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan makonni da yawa, ya kusa ƙarasa ta.

Amma ba su bari hanyoyin sun cike ba. Wata ƙungiya da aka kafa a 1946 ta tsaya kai da fata, aka yashe su, aka gyara ƙofofi. Yanzu akwai kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales ƙarƙashin hukuma ɗaya. Inda ake zuba kwal a da ya zama ɗakin kwana da madafa da makewayi, inji ya maye gurbin doki. Lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, rana takan daɗe ba ta faɗi ba, sai iyali su yi hayar jirgi na mako guda. Aikinsu duka shi ne buɗe ƙofa da rufewa, da cika tanki a famfon gaɓa, da gaida masu wucewa. Doka ba ta yarda a wuce mil 4 a awa ba, watau mai sauri a ƙafa yana iya jerawa da su. Kowane jirgi kuma sai an duba lafiyarsa duk shekara huɗu. Ni dai wannan ya fi burge ni bisa ga fentin furanni da suke yi wa jiragen.

Mu a nan ba don shan iska ake shiga jirgi ba, don kasuwa ne da gona da makaranta, domin ba gada. Inji ya zo mana mu ma, ya kawo sauri, amma awo bai biyo shi ba. Tafkin Kainji, da ya taru bayan gina dam a 1968, ya haɗiye itatuwa waɗanda kututturansu ke ɓoye a ƙarƙashi. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a kusa da Warra ta Jihar Kebbi, kaɗan suka tsira. A Nuwamba na wannan shekarar kuma abin ya zo har gida, a ruwan Bagwai, inda mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi daga ƙauyen Badau. Allah ya jiƙansu. Jirgin nan an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, tafiyar kuwa ƙetare dam ce kawai, ba ta kwana ba.