Ina Hausa take zaune a babban ɗakin karatu?

Ɗalibin kimiyyar harshe da ya yi karatunsa a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya saba da ɗakin karatun da mutum zai iya bin kantar harsuna da ido daga farko har ƙarshe kafin la'asar. Sau da yawa ma ma'aikacin wurin ya san littattafan da ka, ana faɗa masa sunan mawallafi zai miƙa hannu ya ɗauko. Ranar da bincike ya kai wannan ɗalibi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, ko na SOAS a Landan, ko BULAC a birnin Paris, wannan sabo ba zai yi masa amfani ba. BULAC, wanda aka buɗe a watan Disamba na 2011 cikin gini ɗaya da makarantar harsuna ta Inalco, yana riƙe da littattafai da takardu fiye da miliyan ɗaya da rabi, cikin harsuna wajen 350. Abin da ke kan kantocin da mai karatu zai iya taɓawa da hannunsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Sauran yana cikin ma'ajiya, sai an nema ta kwamfuta a kawo. Wanda ya shiga yana yawo tsakanin kantoci da fatan sa'a zai iya cinye wata guda na guzurinsa bai ga abin da ya kawo shi ba.

Kowane littafi a irin wannan wuri yana da adireshi, wato ƴan haruffa da lambobin da ake mannawa a ƙashin bayansa, waɗanda masu Faransanci ke kira cote. Lambar ba ta zo da ka ba. Ta fito ne daga wani tsari da ya raba ilimi gida-gida, kuma a fagen harsuna tsarin ya dogara a kan yadda aka rarraba harsunan duniya dangi-dangi. Wannan kuwa sana'ar ɗalibin kimiyyar harshe ce. Ya fi ɗalibin lissafi ko na likitanci damar gane dalilin da ya sa aka ajiye littafi inda aka ajiye shi, muddin ya san da wane tsari ake aiki.

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Melvil Dewey, Ba'amurken da ya fitar da shi a 1876. Ya raba ilimi gida goma, ya ba harshe gidan 400. A cikinsa 410 na kimiyyar harshe ne gaba ɗaya. Daga nan sai 420 Ingilishi, 430 Jamusanci, 440 Faransanci, 450 Italiyanci, 460 Sifaniyanci, 470 Latin, 480 Girkanci. Kusan duk sauran harsunan da ɗan Adam ke magana da su, daga Larabci zuwa Sinanci, daga Rashanci zuwa Zabarmanci, an cusa su cikin 490. Wannan rabo ya nuna duniyar da mai tsarin yake gani daga Amurka ta ƙarni na 19, kuma har yau ba a rushe shi ba, sai dai gyare-gyare. Sakamakonsa shi ne lambobin harsunan Afirka suna da tsawo, domin an matse su a ɗan lungu.

A nan ne ɗalibai da yawa ke ɓata. An rubuta cewa 496 na harsunan Afirka ne, sai mutum ya nufi can kai tsaye, ya tarar da Fulatanci, da Yarabanci, da Suwahili, da Barbarci, da Zabarmanci, ya duba sama da ƙasa bai ga Hausa ba, ya koma yana cewa wurin ba shi da komai a kanta. Alhali Hausa tana 493.72. Gidan 493 na harsunan dangin Afro-Asiya ne waɗanda ba na reshen Larabci da Ibrananci ba: 493.1 tsohon harshen Masar, 493.3 harsunan Berber, inda Tamashek yake, 493.5 harsunan Kush irin su Somaliyanci da Oromo, sannan 493.7 harsunan Cadi, wanda Hausa ce babbarsu. Wanda ya karanta rabon da Joseph Greenberg ya yi wa harsunan Afirka a littafinsa na 1963 zai ga hoton wannan rabo a jikin kanta. Don haka harsunan Nijar ba sa zama tare. Larabci yana 492.7, Hausa da Tamashek suna 493, Fulatanci da Gurmanci suna 496.3, Barbarci da Tubanci da Zabarmanci suna 496.5. Mai nazarin aron kalmomi tsakanin Hausa da Barbarci a Damagaram dole ya riƙa zirga-zirga tsakanin kantoci biyu, duk da cewa a kasuwar Dole masu harsunan biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Lambobin da ke bin 493.72 su ma magana suke yi. Idan aka ƙara 3, ƙamus ke nan. Idan aka ƙara 5, nahawu. Idan aka ƙara 7, kare-karen harshe. A ƙamus mai harshe biyu akan ƙara lambar harshe na biyu, 21 na Ingilishi, 41 na Faransanci, ta yadda 493.72341 ke nufin ƙamus na Hausa da Faransanci tun kafin a buɗe bangonsa. Abin lura shi ne duk abin da ya biyo bayan ɗigo ana karanta shi lamba bayan lamba, ba a dunƙule ba. Saboda haka 493.72341 tana gaban 493.725 a jeri, ko da yake ta fi ta tsawo. Rashin sanin wannan ƙaramar ƙa'ida ya sa mutane da dama sun rantse littafi ya ɓace, alhali yana taku biyu daga inda suke tsaye.

Kuma 493.72 harshe kawai ta ɗauka. Adabin Hausa yana can 893.72. Tatsuniyoyi suna 398.2, karin magana 398.9. Nazarin harshe cikin al'umma an kai shi 306.44 cikin ilimin zamantakewa. Tarihin Nijar yana 966.26, na Najeriya 966.9. A babban gini waɗannan lambobi suna iya faɗawa a hawa uku dabam-dabam.

Akwai tarko na musamman ga wanda ya shiga ɗakin karatun da ke aiki da tsarin CDU, wanda Paul Otlet da Henri La Fontaine suka gina a Beljiyam a kan na Dewey, kuma aka fi samu a ƙasashen Turai. Lambobinsa sun yi kama da na Dewey har mutum ya saki jiki, amma tun cikin shekarun 1960 aka kwashe harshe daga gida na 4 aka haɗa shi da adabi a gida na 8. Gida na 4 fayau yake. Kimiyyar harshe tana farawa da 81.

Manyan jami'o'in Amurka da wasu da yawa a ƙasashen da ke amfani da Ingilishi sun fi bin tsarin ɗakin karatun Majalisar Dokokin Amurka, wanda ke farawa da haruffa. P shi kaɗai na kimiyyar harshe ne, PJ ya ƙunshi Larabci da harsunan Berber, harsunan Afirka kuwa suna PL daga 8000 zuwa sama. Hausa ta samu lambobi huɗu: PL8231 na bayani gaba ɗaya, PL8232 na nahawu, PL8233 na ƙamus, PL8234 na adabi da matani. Alherin wannan tsari shi ne harshe da adabinsa suna kanta ɗaya, ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana ɗan tazara kaɗan da littattafan Abubakar Imam. Illarsa kuwa, an jera harsunan ne bisa harafin farko na sunansu, ba bisa dangantaka ba. Cikin maƙwabtan Hausa a wurin akwai Herero ta Namibiya, wadda babu abin da ya haɗa su sai harafin H, ƴan'uwanta na jini kuwa, irin su Bolanci da Ngizim, kowanne yana can ƙarƙashin harafinsa. Mai aikin kwatanta harsunan Cadi ya fi jin daɗin Dewey, mai nazarin salon waƙa ya fi jin daɗin wannan. SOAS da BULAC kuma kowanne yana da nasa tsari, inda ake fara raba littattafai bisa yankunan duniya kafin a zo ga fanni. Tambayar farko da ta kamaci baƙo a kowane wuri ita ce wane tsari ake bi, kuma akan sami amsar a ƴar takardar da ke teburin shiga.

Tun da mafi yawan kaya a ɓoye suke, ainihin ƙofar ɗakin karatu ita ce katalog na kwamfuta. Shi kuwa ba ya fahimtar nufi, haruffa kawai yake dubawa, kuma sunan Hausa ya sha rubutu iri-iri a hannun Turawa. Schön ya rubuta Haussa a littafinsa na kalmomi na 1843. Delafosse ya rubuta haoussa a 1901, haka ma Landeroin da Tilho a 1909, kuma da wannan rubutu Bernard Caron ya fitar da nazarinsa na Hausar Adar a 1991. Mischlich ya haɗe sunan da kalmar Jamusanci ya zama Hausasprache a ƙamus ɗinsa na 1906. Wanda ya buga Hausa kaɗai zai rasa galibin abin da Faransawa suka rubuta, wato ɓangaren da ya fi shafar kare-karen Hausar Nijar. Maganin shi ne a gutsure kalmar a sa mata tauraro, a nemi haus* sannan a nemi haous*. Zabarmanci ya fi haka wahala, domin yana zuwa a zarma, djerma, dyerma, ko ƙarƙashin songhay. Fulatanci yana zuwa a peul, fulfulde, fula, pular.

Baƙaƙe masu lanƙwasa wata matsalar ce. Tsofaffin katunan da aka juya zuwa kwamfuta an buga su ne da keken rubutun da ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, balle ƴ da Nijar ke rubutawa inda Najeriya ke sa 'y. Kalmar ƙamus tana iya fitowa a kamus, ko k'amus, ko da wata alama mara ma'ana a madadin harafin farko. Ya fi sauƙi a zaɓi kalmar da ba ta da lanƙwasa daga cikin sunan littafin a nema da ita. Sunayen mawallafa Hausawa ma ba su da tsayayyen wuri, don masu katalog sun saba da sunan iyali irin na Turawa. Akan sami mutum ɗaya an shigar da shi ƙarƙashin sunansa na yanka a wani wuri, ƙarƙashin sunan mahaifinsa ko na garinsu a wani.

Akwai bambanci kuma tsakanin littafi a kan Hausa da littafi cikin Hausa. Na farko ana samunsa ta kan batu, wanda a Faransa ake rubutawa Haoussa (langue). Na biyu ana samunsa ta tace sakamako da harshen rubutu, inda alamar Hausa take hau. Mai neman matanin da zai ciro misalan jimloli daga ciki hanya ta biyu ce tasa.

Babban abin da katalog ba ya nunawa shi ne maƙaloli. Duk ɗalibin da ya zauna ajin ƙirar kalma ya ji sunan Parsons da rabon da ya yi wa aikatau na Hausa zuwa rukuni bakwai. Amma idan ya buga sunan Parsons yana neman littafin, ba zai gan shi ba, domin aikin maƙala ce da ta fito a 1960 cikin mujallar Afrika und Übersee ta Hambag, kundi na 44. Katalog ya san sunan mujallar da shekarun da ɗakin karatun yake da su, bai san abin da ke cikin kowace fitowa ba. Haka yawancin aikin Claude Gouffé a kan Hausar Nijar yake warwatse cikin mujallu da littattafan haɗaka, haka kuma abin da ya fito a Harsunan Nijeriya ta Kano. Wannan ne ya sa ake fara bincike daga jerin ayyukan da masana suka tattara, kamar wanda Sergio Baldi ya fitar a 1977 da wanda Paul Newman ya fitar a 1996 a kan Hausa da harsunan Cadi. Daga can ake samun sunan mujalla, da shekara, da lambar kundi, sannan a tunkari katalog da su. Tsofaffin ayyukan da Hausa take cikinsu ba tare da sunanta ya fito a bango ba, irin su Polyglotta Africana na Koelle na 1854 da jerin kalmomin da Barth ya tattara, ta wannan hanya kaɗai ake gano su.

Rubuce-rubucen hannu na ajami da Larabci ba sa zama tare da littattafan ɗab'i. Suna da ɗakinsu, da nasu jeri, da ƙa'idodinsu: fensir kawai, ba biro, kuma sau da yawa sai an nema tun kafin ranar. Ɗalibin da ya taɓa aiki a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH a Yamai ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wani ɓangare na aikin ana iya gama shi tun kafin a hau jirgi. Katalog na Sudoc ya haɗa ɗakunan karatun jami'o'in Faransa wuri ɗaya, yana nuna wane ne ke da wane littafi. WorldCat yana yin haka ga ƙasashe da yawa, theses.fr kuma yana lissafa kundayen digirin digirgir da aka kare a Faransa. Duk ukun a buɗe suke ga mai intanet a Tasawa ko Birnin Ƙonni. Wanda ya zo da jerin littattafai talatin, kowanne da lambarsa da alamar ko yana kan kanta ko yana ma'ajiya, zai fara karatu tun ranar farko. Abin da ɗakin ba shi da shi kuma akan aro masa daga wata jami'a, amma aron yana cin kwanaki, wani lokaci da ɗan kuɗi, don haka a makon farko ake neman sa.

Duk da haka kanta tana da abin da kwamfuta ba ta bayarwa. Tun da an jera littattafai bisa batu, wanda ya je ɗauko nahawun Newman na 2000 zai tarar da na Jaggar na 2001 da na Wolff na 1993 a kusa da shi, tare da wasu ƙananan littattafan da bai taɓa jin sunansu ba, kuma ba zai taɓa tunanin bugawa a katalog ba. Littafin da aka gama da shi kuwa ba a mayar da shi kanta da hannu, akan bar shi a keken da aka tanada, ma'aikata su mayar. Idan aka soke shi a wurin da ba nasa ba cikin kantoci masu ɗauke da dubban ɗaruruwa, katalog zai ci gaba da cewa yana nan, amma ba wanda zai sake ganinsa sai ranar da aka yi ƙidayar kaya.