Kamu, Bauta da Fansa a Tsohuwar Ƙasar Hausa

Kafin zuwan Turawa, abu biyu ne kan raba mutum da 'yancinsa a ƙasar Hausa: laifi ko hari. Mai laifi dogarai ke kamo shi, alƙali ko sarki ya yanke hukunci, Yari ya sa masa mari a ƙafa. Duk wuyar da zai sha, ɗa ne. Ran da ya biya bashi ko aka yi masa afuwa, ya koma gida da asalinsa. Wanda aka kamo a yaƙi kuwa ya zama dukiya: a kai shi kasuwa irin ta Kurmi a Kano, a yi kyauta da shi, a gaje shi.

Shari'a ta hana bautar da Musulmi ɗa, amma mahara ba su cika tambaya ba. Shi ya sa fansa ta zama babbar al'ada. Dangi kan tara wuri da tufafi, su bi sawun ɗan'uwansu gari-gari har su karɓo shi.

Wanda bai sami mai fansa ba, galibi rinji za a kai shi, wato ƙauyen bayi, irin na Fanisau. Ya yi noman gandun ubangidansa zuwa azahar, sannan ya juya ga gayaunarsa. In ya iya sana'a, a yanka masa murgu: ya riƙa biyan wani abu ƙayyadadde, saura nasa, har ya tara ya fanshi kansa. Wanda aka haifa cikin bauta shi ne bacucane, kuma abin kunya ne a sayar da shi. Ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangidanta ba ta sayuwa, ɗanta ɗa ne, ita ma tana 'yantuwa bayan rasuwarsa. A fadar Kano kuwa, bayin sarki irin su Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama sun riƙe iko har hakimai na neman alfarmarsu. Amma ko bawa ya yi arziki, mallakarsa tana hannun ubangidansa.

Da zuwan Turawa, dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta duk wanda za a haifa daga Afrilun shekarar, wata doka ta 1936 kuma ta kawar da bauta a Arewacin Nijeriya baki ɗaya. Sai dai tabon bai gushe ba: har yau a wasu gidaje, in maganar aure ta taso, akan bincika asali, kuma wani sa'in bautar kakanni ce ke rushe maganar.